Filin jama'a, farashin attajirai: tsadar kallon besbol a Amurka

Tun shekarar 1991 wata cibiya mai suna Team Marketing Report take fitar da wani lissafi da iyaye a Amurka suka fi masana saurin ganewa. Tambayarsa ɗaya ce: nawa magidanci zai kashe idan ya ɗauki matarsa da 'ya'ya biyu zuwa kallon wasa guda na babbar gasar besbol, wadda ake kira MLB? Abubuwan da ake haɗawa ba na almubazzaranci ba ne a ma'aunin can: tikiti huɗu masu matsakaicin farashi, kuɗin ajiye mota, lemo huɗu, burodi da nama huɗu irin wanda suke kira hotdog, giya biyu ta manya, da huluna biyu masu tambarin ƙungiya. A shekarar farko jimillar ba ta kai dala 80 ba. A 2022 ta haura dala 250.

Wani zai ce ai komai ya yi tsada. Gaskiya ne, sai dai a tsakanin shekarun nan farashin kayayyaki a Amurka ya ninka sau biyu ne da ɗoriya, kuɗin fita kallon kuwa ya ninka fiye da sau uku. Idan aka auna da gumin ma'aikaci, tazarar ta fi fitowa fili. A 1991 mafi ƙanƙantar ladan aiki da gwamnatin tarayya ta ƙayyade dala 4.25 ne a awa, wato aikin kimanin awa 18 ya isa ya kai iyali filin wasa. Tun 2009 ladan ya tsaya cik a dala 7.25, kuma har yanzu da shi ake aiki a jihohi kusan ashirin. Ma'aikacin da ke kan wannan lada sai ya yi awa 35, kusan mako guda cur, kafin ya sayi yammaci ɗaya shi da iyalinsa.

Domin a gane nauyin wannan, sai an san matsayin besbol a rayuwar Amurkawa, kuma ba sai an san ƙa'idodinsa ba. Abin lura shi ne yawansa. Ƙungiyoyi 30 ne a gasar, 29 a Amurka, ɗaya a Toronto ta Kanada, kuma kowace tana buga wasa 162 a kaka, 81 daga ciki a gida. Kulob ɗin gasar Firimiya ta Ingila wasa 19 yake yi a gida a gasar; ƙungiyar ƙwallon ƙafa irin na Amurka, takwas ko tara. Besbol kusan kullum ne, daga Afrilu zuwa ƙarshen Satumba, lokacin da rana ke daɗewa ba ta faɗi ba, makarantu kuma suna dogon hutu a tsakiyarsa. Wasa ne mai tafiyar hawainiya, mai yawan tsayawa, wanda uba zai iya zama yana yi wa 'yarsa bayani ba tare da wani abu ya wuce su ba. Yawansa ne ya sa ya yi araha, arahar kuma ita ta mayar da shi wasan iyali.

Rikici a kan farashin ƙofa ya girmi kowane fili da ake wasa a cikinsa yau. Bayan da aka kafa gasar National League a 1876, shugabanninta sun yanke tikiti a santi 50, suka hana sayar da giya, suka hana wasa ranar Lahadi. Ba su ɓoye manufarsu ba: 'yan kallo masu rufin asiri suke so, ba leburori ba, domin lebura na wancan zamani Lahadi kaɗai yake hutawa. A 1882 wata gasa ta kishiya, American Association, ta buɗe da tikitin santi 25 da wasan Lahadi, sai ma'aikatan masana'antu da baƙin haure na garuruwa irin su St. Louis da Cincinnati suka yi mata ca. Gasar ba ta wuce shekara goma ba, amma ta tabbatar wa masu ƙungiyoyi cewa talaka ma kasuwa ne. Daga baya suka ƙara wani darasi. Yaran da ba su da kuɗi sukan leƙa wasa ta hujin katangar katako. Maimakon a kore su, ƙungiyar Cardinals ta St. Louis ta fara shigar da su kyauta tun 1917, wasu ƙungiyoyi suka kwaikwaya, Dodgers ta Brooklyn ma ta yi suna da haka. Ba sadaka suke yi ba. Sun fahimci cewa yaron da ya shiga kyauta yana ɗan shekara tara shi ne zai sayi tikiti shekara hamsin masu zuwa.

Da zarar an yi kukan tsada, yatsa yakan nufi 'yan wasa. A Disambar 2023 Shohei Ohtani ya sa hannu a kwantiragin dala miliyan 700 na shekara goma da Dodgers ta Los Angeles. Bayan shekara guda Juan Soto ya karɓi na dala miliyan 765 na shekara 15 daga Mets ta New York. Mai kallon da ya biya dala goma sha wani abu a kan abin sha ba zai rasa haɗa biyun ba. Amma lissafin ba haka yake tafiya ba. Albashin ɗan wasa an riga an yanke shi tun kafin a buɗe ƙofa. Ko mutum dubu biyar suka zo ko dubu arba'in, adadinsa ɗaya. Abin da mai ƙungiya ke dubawa wajen sa farashi shi ne iyakar abin da 'yan kallo za su iya jurewa, kuma da zai samu 'yan wasa kyauta ba zai rage ko santi ba. Shaida ba ta da wuyar samu. Jami'o'in Amurka sun shafe gomman shekaru ba sa biyan 'yan wasansu albashi, tikitin manyan wasanninsu bai yi araha saboda haka ba. Ƙungiyar Athletics ta Oakland kuwa, gabanin kakar 2022 ta rabu da fitattun 'yan wasanta don rage kashe kuɗi, a daidai lokacin da ta ƙara farashin tikitin kaka. Kuɗin shiga ne ke jan albashi sama, ba albashi ke jan tikiti ba.

Ainihin abin da ya sauya shi ne tambayar da masu ƙungiyoyi ke yi wa kansu. A da tambayar ita ce yaya za a cika fili. Yanzu ita ce nawa za a iya tatsa daga kowane mutum da ya shigo. Alƙaluma sun nuna sakamakon ƙarara. A 2007 mutum miliyan 79 da rabi suka shiga kallo, adadi mafi yawa a tarihin gasar, kuɗin shigarta kuwa kimanin dala biliyan 6. A 2019, kafin annobar korona, 'yan kallo sun ragu zuwa miliyan 68 da rabi, kuɗin shiga ya haura biliyan 10. Mutum miliyan goma sha ɗaya sun ragu a ƙofa, asusu bai ji a jikinsa ba.

An gina wannan tunani da siminti. Tun daga filin Camden Yards na Baltimore da aka buɗe a 1992, yawancin ƙungiyoyi sun koma sababbin filaye, kuma akasarinsu sun fi waɗanda suka gada ƙarancin kujeru. Da gangan ne. Abin da ya yi ƙaranci yakan yi daraja, wurin da aka rage wa kujerun talakawa kuma aka cika shi da ɗakunan alfarma da kamfanoni ke haya don karrama abokan cinikinsu. Misali mafi fitowa fili shi ne sabon filin Yankees da aka buɗe a 2009 a Bronx. Tsohon yana ɗaukar mutum kusan 57,000, sabon ya fara da kimanin 50,000. Kujerun gaba an sa musu farashi har dala 2,500 a wasa ɗaya. Tattalin arziki na cikin mawuyacin hali a shekarar, sai kyamarorin talabijin suka riƙa nuno kujerun nan wayam dare bayan dare, har kunya ta sa ƙungiyar ta zabge rabin farashin wasunsu tun watan farko bai ƙare ba. An kuma raba kujerun alfarma da na sauran jama'a da wani shinge na kankare, wanda 'yan kallo suka kamanta da ramin da ake haƙawa a bayan ganuwa don tare mahara. Yaron da a tsohon fili zai gangaro bakin katanga ya nemi sa hannun gwaninsa, a sabon akwai mai gadi tsakaninsu. Duk wannan a Bronx, ɗaya daga cikin yankunan da suka fi talauci a Amurka, inda 'yan Afirka ta Yamma da yawa suke zaune, har da Hausawan Gana. Hular nan mai haruffan NY da ake gani a kan samari daga Kano zuwa Yamai tambarin wannan ƙungiya ce. Saye da sa hular ya fi shiga filinta sauƙi nesa ba kusa ba, ko ga maƙwabcin filin.

A 2009 ɗin dai ƙungiyar Giants ta San Francisco ta gwada wani abu a kan kujeru kimanin 2,000, ta faɗaɗa shi ga dukan filin a shekara mai bi: farashin da kwamfuta ke sauyawa gwargwadon buƙata. Duk wanda ya taɓa neman motar zuwa gida a jajibirin Sallah ya san tsarin, bambancin kawai shi ne a nan manhaja ce ke yin abin da ɗan kamasho yake yi da ido. Tana duba ranar mako, da abokin karawa, da hasashen yanayi, da wanda zai yi jifa a ranar, ta fitar da farashi. Yawancin ƙungiyoyi sun bi sahu. Masu kare tsarin suna cewa yana rage farashi kamar yadda yake ƙarawa, kuma ba su yi ƙarya ba. Matsalar ita ce lokacin da yake ragewa. Tikiti yana faɗuwa a daren Talata cikin sanyin Afrilu, lokacin da yara ke da makaranta washegari; yana tashi ranar Asabar da yammacin Lahadi a watan Yuli. Ranakun da iyali za su iya zuwa su ne ranakun da kowa ke son zuwa. Babu wanda ya zauna ya ce a hukunta masu 'ya'ya, amma abin da lissafin ya haifar ke nan.

Bayan an shiga kuma sai kasuwar da ba ta da kishiya. Mutum ba zai fita ya sayi ruwa a waje ya dawo ba, yaro ɗan shekara shida kuma ba zai zauna awa biyu da rabi yana kallon na kusa da shi yana shan askirim ya yi shiru ba. Masu sayarwa sun san haka sarai.

Adalci ya wajabta a faɗi ɗaya ɓangaren, domin yana da ƙarfi. A cikin manyan gasanni huɗu na Amurka, besbol ne mafi araha har yau, kuma tazararsa da ƙwallon ƙafar Amurka ko ƙwallon kwando ba kaɗan ba ce. Lissafin Team Marketing Report yana ɗauka cewa kowane iyali zai sayi huluna ya zo da mota, alhali mai dabara zai hau jirgin ƙasa, ya zauna a kujerun can sama, ya shigo da abincinsa daga gida, abin da filaye da yawa suka yarda da shi. Farashi kuma ya bambanta ƙwarai: abin da ake biya a Boston ko a filin Cubs na Chicago ya ninka na Arizona. Sannan jama'a sun fara dawowa. A 2023 aka sa agogon da ke iyakance jinkirin mai jifa, tsawon wasa ya sauko daga awa uku da 'yan mintoci zuwa awa biyu da minti 40, 'yan kallo suka sake haura miliyan 70. Ashe wani ɓangare na abin da ya kori iyalai lokaci ne, ba kuɗi kaɗai ba.

Duk da haka hujjar tana da gurbi. Cewa iyali za su iya zuwa idan sun yi dabara daidai yake da amincewa cewa zuwan ya zama abin shiri da tanadi, irin wanda ake yi sau ɗaya a shekara. Soyayyar wasa kuwa ba ta kamuwa da ziyara ɗaya. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma tanƙwarar nan da yawan zuwa ake yin ta. Wani bincike da mujallar SportsBusiness Journal ta wallafa a 2017 ya nuna matsakaicin shekarun mai kallon besbol a talabijin 57 ne. Manomin da ya sayar da iri saboda farashi ya yi kyau a kasuwa bai yi asara a wannan shekarar ba.

Sauran ƙofofin da yaro zai iya shigowa ta cikinsu su ma an tsuke su. Ƙananan ƙungiyoyin da ke renon 'yan wasa a ƙananan garuruwa, inda tikiti bai fi kuɗin abincin rana ba, an rage adadinsu daga 160 zuwa 120 gabanin kakar 2021, garuruwa kusan arba'in suka rasa alaƙarsu da babbar gasa. Talabijin ma ba mafita ba ce kai tsaye: ƙa'idojin kare yankin kasuwa sun sa mazaunin jihar Iowa, wadda ba ta da ƙungiya ko ɗaya a gasar, ya daɗe ba ya iya kallon wasannin ƙungiyoyi shida kai tsaye ta manhajar gasar, ko da ya biya kuɗinta.

Da a ce besbol sana'a ce kamar kowace, da sai a ce mai kaya shi ke da ikon farashinsa. Ba haka take ba, ta fuska biyu. Ta farko doka ce. A 1922 Kotun Ƙolin Amurka, ta bakin alƙali Oliver Wendell Holmes, ta yanke cewa besbol ba ciniki ne tsakanin jihohi ba, don haka dokar hana babakere ba ta hau kansa ba. Kotun da kanta ta amince a 1972 cewa wannan gata baƙon abu ne, amma ta bar shi. Da irin wannan kariya masu ƙungiyoyi ke ƙayyade yawansu da rabon garuruwa a tsakaninsu, su bar wasu manyan garuruwa babu ƙungiya, abin da ke ba kowace damar yi wa garinta barazanar ƙaura. Ta biyu kuɗin haraji ne. Birnin Washington ya kashe sama da dala miliyan 600 wajen gina filin Nationals da aka buɗe a 2008. Gundumar Cobb ta jihar Georgia ta ɗauki nauyin kimanin dala miliyan 300 domin jawo Braves daga tsakiyar Atlanta a 2017, daga filin da bai fi shekara ashirin ba. Kowane lokaci alkawarin ɗaya ne, ayyukan yi da bunƙasar kasuwanci, kuma tun littafin da Roger Noll da Andrew Zimbalist suka shirya a 1997 masana tattalin arziki na kowane ɓangare suka kusan haɗa baki cewa alkawarin ba ya cika. Kuɗin da iyali suka kashe a fili kuɗi ne da za su kashe a sinima ko gidan abinci na garin nan dai.

To idan ribar tattalin arziki ba ta tabbata ba, hujjar da ta rage wa tallafin ita ce cewa ƙungiya dukiyar al'umma ce, wurin haɗuwar gari. Wanda ya karɓi kuɗi da wannan suna ya ɗauki wajibi, domin kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Mai sharar ofis da ta biya harajin sayayya aka gina fili da shi tana da haƙƙin kujerar da za ta iya saya ranar Asabar. Garin da zai sa hannu a kan ɗaruruwan miliyoyi yana da ikon rubuta sharaɗi a cikin yarjejeniyar: adadi kaza na kujeru a kowane wasa, har da na ƙarshen mako, a farashin da ba zai wuce ladan awa biyu na ƙaramin ma'aikaci ba, kuma manhaja ba za ta taɓa su ba. Dala kaɗan ce idan aka gwada da kuɗin ginin. Abin da ke hanawa shi ne 'yan siyasa sun fi tsoron a ce a zamaninsu ƙungiya ta bar gari.

Masu bin gasar Firimiya sun taɓa ganin yadda ake ja da irin waɗannan masu kuɗi. John Henry da abokansa sun sayi Red Sox ta Boston a 2002, ƙungiyar da tikitinta ya daɗe cikin mafiya tsada a besbol, suka sayi Liverpool a 2010. A Fabrairun 2016 suka sanar da tikitin fam 77 a sabon ɓangaren Anfield. A minti na 77 na wasa da Sunderland, magoya baya kimanin dubu goma suka miƙe suka fice. Cikin 'yan kwanaki masu kulob ɗin suka nemi afuwa suka janye ƙarin, a shekarar ne kuma gasar ta ƙayyade tikitin baƙi a fam 30. Masu kuɗin ɗaya ne a Boston da Liverpool. Bambancin shi ne magoya bayan Ingila suna da ƙungiyoyi masu murya, kuma kowa ya san ba za a ɗauke Liverpool a kai wani gari ba. Ɗan kallon Amurka an koya masa ya ɗauki kansa mai saye kawai, wanda idan kaya suka fi ƙarfinsa sai ya koma gida shiru.

A cikin Amurka ma an gwada sassauci, kuma ba wanda ya karye. Ƙungiyar ƙwallon ƙafar Amurka ta Atlanta, Falcons, ta buɗe sabon filinta a 2017 da hotdog na dala biyu da lemon dala biyu da ake sake cikawa kyauta, ta kuma ba da rahoton cewa abin da kowane ɗan kallo ke kashewa a kan abinci ya ƙaru da kashi 16 cikin ɗari, saboda mutane sun daina ƙoshi a waje kafin su shigo. Orioles ta Baltimore ta fito da tsari a 2018 wanda babba da ya sayi tikitin kujerun sama zai shigo da yara biyu 'yan ƙasa da shekara goma kyauta. Savannah Bananas, ƙungiyar da aka kafa a 2016 a wajen babbar gasa, ta fara da tikitin dala 15 wanda ya haɗa da abinci iya cinka, ta mayar da wasan rabi gasa rabi raha, yau kuma tana cika filayen manyan ƙungiyoyi da iyalai har sai an yi ƙuri'a kafin a samu tikiti. Masu ra'ayin gargajiya suna cewa abin da take yi ba besbol ba ne. Suna iya yin gaskiya, amma yaran suna can.

Ita kuwa Athletics ta buga wasanta na ƙarshe a Oakland a Satumbar 2024, bayan shekara 57 a garin. Tana zaman wucin gadi a wani ƙaramin fili kusa da Sacramento, tana jiran sabon gidanta a Las Vegas, wanda majalisar jihar Nevada ta amince a 2023 a tallafa masa da kuɗin jama'a har dala miliyan 380. An tsara filin ya ɗauki mutum kimanin 33,000, cikin mafiya ƙanƙanta a gasar, a kan titin manyan otal-otal da gidajen caca, kuma masu shirin ba su ɓoye cewa wani kaso mai yawa na 'yan kallon da suke sa rai baƙi ne 'yan yawon buɗe ido ba. Ana sa ran buɗe shi a 2028.